Injin yanka mai batir: yadda za ka yi aiki da shi ka tsira da ido da kunne da yatsu



A da, in mutum yana son yanka ƙarfe, sai ya ɗauki zarto ya yi ta ja har gumi ya jiƙa shi. Ko kuma ya ɗora ƙarfen a amalanke ya kai birni wurin masu walda. Yau ga wani inji ya shigo kasuwanninmu. Ba ya shan esansi, ba shi da igiyar lantarki. Batir ake sa masa, kuma ana iya cika batir ɗin da wutar sola. Da shi ana yanka sandunan ƙarfe na shingen garka, da ƙarfen gini, da bututun ruwa, da kwanon rufi. Da babbansa ana yanka bulo da siminti da dutse. Aikin wuni guda yakan ƙare kafin hantsi.

Amma injin nan yana da cuta iri biyu. Ta farko kowa ya san ta, ita ce rauni: faifai ya fashe, jini ya zuba. Ta biyu ba ta fid da jini, shi ya sa mutane ba su kula da ita. Ƙarar injin tana cin kunne, jijjigarsa tana kashe yatsu, ƙurarsa tana cika huhu. Waɗannan sannu-sannu suke shiga, kuma in sun zauna ba su fita. Ku karanta wannan bayani a hankali, ku karanta wa waɗanda ba su samu shiga ajin yaƙi da jahilci ba.

MU SAN INJIN TUKUNA

Injin yana da sassa biyar da ya kamata kowa ya san su.

1. Faifai. Shi ne ke juyawa yana yanka.
2. Garkuwa. Murfin ƙarfe ne da ke rufe rabin faifai, yana tsakaninka da shi.
3. Mariƙi biyu. Ɗaya jikin injin, ɗaya a gefe ko a gaba.
4. Makunni. Wani in ka saki yatsa injin ya tsaya. Wani kuwa in ka tura shi sai ya maƙale, injin ya yi ta gudu ko ya faɗi daga hannunka. In za ka saya, nemi irin na farko.
5. Batir.

Ƙananan injuna suna ɗaukar faifai mai faɗin milimetir 115 ko 125. Manya suna ɗaukar mai 230 ko fiye. Bakin ɗan faifan nan yana gudun kilometir 200 zuwa 280 a awa. Da mota ce, da ta bar Maradi ta isa Damagaram cikin kimanin awa guda. Abin da ke juyawa kusa da hannunka ke nan.

BATIR A CIKI, INJIN A RAYE

Injin esansi in yana aiki kowa na jin kukansa. Injin lantarki kuwa ana ganin igiyarsa, ana iya cire ta. Mai batir shiru yake, yana kwance kamar ƙarfe matacce. Yaro ya zo ya danna, nan take faifai ya tashi.

Saboda haka ga doka ta farko, wadda ta fi kowace: cire batir. Cire shi kafin ka canza faifai. Cire shi kafin ka gyara zaman garkuwa. Cire shi in za ka sa injin a buhu ko ka ɗaure shi a bayan moto. Cire shi ko ruwa za ka tashi sha. Da dare a ajiye injin wuri guda, batir wani wuri, inda hannun yaro ba ya kai.

In za ka mai da batir, duba makunni tukuna, ka tabbata a kashe yake.

ZAƁEN FAIFAI

Kowane faifai da aikinsa. Akwai na yankan ƙarfe, siriri ne. Akwai na gugar ƙarfe da wasa kayan aiki, shi mai kauri ne. Akwai na siminti da dutse. Kada ka wasa hauya ko gatari da gefen faifan yanka. Ba a yi shi don a danna shi ta gefe ba, fashewa yake yi.

Ku da kuka iya karatu, ga inda karatunku zai yi muku rana. A jikin kowane faifai an rubuta iyakar juyin da yake iya ɗauka a minti guda, kusa da haruffan RPM ko tr/min. A jikin injin ma an rubuta nasa juyin. Tilas lambar faifai ta kai ta injin, ko ta fi ta. Ga lambobin da kuka fi gani:

Faifai mai 115: juyi wajen 13.300 a minti.
Faifai mai 125: juyi wajen 12.200 a minti.
Faifai mai 230: juyi wajen 6.600 a minti.

Ƙananan injuna masu batir sukan yi juyi 8.500 ko fiye. Kun ga ke nan, wanda ya cire garkuwa don ya sa babban faifai a ƙaramin inji, ya ɗora wa faifan gudun da ya fi ƙarfinsa, ga shi kuma babu abin da zai tare ɓaraguzan. Haka nan tsohon faifan babban inji da ya cinye ya zama ƙarami: kada a ce za a ƙarasa shi a ƙaramin inji.

Faifan yanka yana tsufa ko ba a yi aiki da shi ba, domin ƙaron da ya haɗa shi yana lalacewa. A zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa an buga lokacin da zai daina aiki, galibi shekara 3 bayan ƙera shi. Duba shekarar kafin ka biya kuɗi. Wanda ya jiƙa, ko ya lanƙwashe, ko ya tsage, ko ya faɗi ƙasa da ƙarfi, a karya shi a yar. Araha ba ta ado.

Wani babban hatsari: faifai mai haƙora na yankan itace. Kada a sa shi a wannan inji ko kaɗan. Haƙoran suna kama itacen, injin ya dawo kan mai shi.

In ka ɗaura sabon faifai, ka riƙe injin nesa da fuskarka, ka bar shi ya yi gudu minti guda bai taɓa komi ba. Kada kowa ya tsaya daidai saitin bakinsa. In ka ji yana rawa ko yana wani kuka dabam, kashe, cire batir, ka sake dubawa.

INJIN YANA SHURI

In faifai ya maƙale cikin abin da ake yanka, ƙarfin injin ba ya ɓacewa. Sai ya komo kan injin, ya yi tsalle zuwa baya ko sama kamar shurin jaki. Ya fi ƙiftawar ido sauri. Ga yadda ake rage shi:

Riƙe da hannu biyu kullum. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ba ya riƙe injin yanka. Kada ka riƙe ƙarfe da hannu ɗaya kana yanka da ɗayan. Kada ka take shi da ƙafa, kada kuma ka sa yaro ya riƙe maka. A matse ƙarfen a mamatsi ko a ɗaure shi tam.

Tokare abin yanka yadda bakin yankan zai riƙa buɗewa. In ka ɗora sandar ƙarfe kan duwatsu biyu ka yanka tsakiya, za ta lotsa ta matse faifai. Ka bar guntun da za a cire ya yi reto a waje, ya faɗi da kansa.

Tsaya a gefe, kada jikinka ya yi layi ɗaya da faifai. Ware ƙafafu, ka tsaya da kyau. Kada ka yanka abin da ya fi kafaɗarka tsawo, kada ka hau tsani ko tano da injin a hannu. Da babban inji, kada ka fara yanka da goshin faifai na sama, nan ne shuri ya fi muni.

Bari faifai ya kai cikakken gudu kafin ya taɓa ƙarfe. Yanka miƙe, kada ka murɗa. In ya maƙale, kashe, ka jira ya tsaya cik, sannan ka zare shi. Kada ka sake kunnawa yana cikin ramin yankan. In ka gama, kada ka ajiye injin sai faifai ya daina juyi.

TARTSATSI DA TUFAFI

Tartsatsin ƙarfe yana iya kai metir 10. A rani komi ya bushe: darni, zana, kara, harawa, jinkar ɗaki, rumbu. Ka zaɓi fili mai rairayi, ka duba inda iska take kaɗawa, ka ajiye bokitin ruwa ko na rairayi kusa. Kwalbar esansi da moto a kai su nesa. Bayan aiki ka dakata, ka zagaya ka duba, domin wuta takan kwanta cikin kara ta tashi daga baya.

Kada a yanka tano ko tankin da aka taɓa zuba esansi ko maganin feshi, ko da ya daɗe babu komi ciki. Tururin da ya rage yana fashewa.

Babbar riga, jelar rawani, gyale, laya mai igiya, duk a tuɓe ko a ɗaure. Faifai yana nannaɗe tufa ya jawo mai ita. Sa riga da wando na auduga daidai jiki, domin yadin leda yana narkewa ya manne a fata. Sa takalmi rufaffe da safar hannu ta fata wadda ta kama hannu.

Ido kuwa ba a samun na aro. Sa tabarau na aiki mai rufe gefe da gefe. Tabarau na ado da ake sayarwa a tasha ba ya tare ƙarfe, shi ma fashewa yake yi.

ƘARA DA KUNNE

Yanzu mun zo kan cutar da ba ta fid da jini.

Wasu suna cewa injin batir ba shi da ƙara. Gaskiya ne bai kai na esansi kuka ba in yana gudu haka nan. Amma da faifai ya shiga ƙarfe ko siminti, ƙarar yankan ce ake ji, kuma ita ba ruwanta da batir ko esansi.

Yadda ake auna hatsi da tiya, haka ake auna ƙara da wani ma'auni mai suna desibel. A takardar injin ana rubuta shi dB. Hirar mutum biyu tana wajen 60. Injin yanka cikin ƙarfe yakan kai 95 zuwa 100, wani lokaci ya wuce. Likitocin ma'aikata sun ce iyakar abin da kunne ke ɗauka ita ce 85 cikin awa 8. Kuma duk lokacin da aka ƙara 3, ƙarfin ƙarar ya ninka, lokacin da za a iya zama cikinta ya ragu da rabi. Ga lissafin:

Desibel 85: awa 8.
Desibel 88: awa 4.
Desibel 91: awa 2.
Desibel 94: awa 1.
Desibel 97: minti 30.
Desibel 100: minti 15.

Mu yi misali. A ce kana da sandunan shinge 40, kowace tana cin rabin minti. Rabin 40 shi ne 20, wato minti 20 faifai yana cikin ƙarfe. In ƙarar ta kai 100, ka riga ka wuce rabon kunnenka na wannan rana tun kana sanda ta 31. Shi ya sa a Tarayyar Turai, dokar shekarar 2003 ta ce daga desibel 80 mai gida ya ba ma'aikaci abin toshe kunne, daga 85 kuwa sa shi ya zama tilas.

Ba mu da na'urar awo a ƙauye, amma akwai gwaji mai sauƙi. In sai ka yi ihu kafin mutumin da ke taki biyu daga gare ka ya ji maganarka, ƙarar ta isa ta yi ɓarna.

Yaya take yin ɓarnar? Can cikin kunne akwai wani ɗan abu mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƴan gasu ƙanana wajen dubu 15, ido ba ya ganinsu. Su ne ke karɓar sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda ƙafa ke kwantar da ciyawa. In sau ɗaya aka taka, ciyawa takan tashi. In kullum ake bi, sai wurin ya zama hanya. Ciyawa ma damana na mai da ita, amma gasun kunne in sun mutu ba su sake tsirowa, kuma har yau babu maganin da ke mai da su.

Ga alamun da za ka lura da su. Bayan aiki kana jin kunne ya toshe, ko yana wani kuka kamar na gyare. Kana jin muryar mutum amma ba ka gane kalmomin, musamman a kasuwa ko wurin biki. Iyalinka suna cewa ka cika ƙara muryar rediyo. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ɓarna ta fara, sai a tsai da ita nan.

Abin kariya iri biyu ne. Akwai ƴan matosai na soso da ake sa wa cikin kunne, akwai kuma marufi mai kama da ƙoƙo biyu da ake ɗorawa a ka. In an sa su daidai suna rage desibel 15 zuwa 30. Ga yadda ake sa na soso: wanke hannu, murza shi ya zama siriri, ja kunnen sama da ɗayan hannun, tura shi, ka riƙe har ya kumbura ya cika ramin. In ya zauna, za ka ji muryarka ta yi kauri. Wanda ya yi dauɗa a yar. Marufi kuwa dole ya manne a fata, kada a ɗora shi bisa hula ko rawani.

Auduga da tsumma ba su isa ba, abin da suke ragewa kaɗan ne ƙwarai. Kada kuma ka ce ɗan yanka ɗaya ne ba sai ka sa ba. Ƴan mintocin da aka yi babu kariya suna cinye yawancin amfanin sauran.

Nisa ma magani ne. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙara tana raguwa da wajen desibel 6. In 100 ce a metir 1, za ta zama 94 a metir 2, 88 a metir 4, 82 a metir 8. Cikin ɗaki ko rumfar kwano kuwa ƙarar tana bugun bango ta dawo, don haka waje ya fi. Ƴan kallo su ja da baya taki 20. Yara da mata masu goyo su fi kowa nisa. Mataimakinka da ke kusa, shi ma ya sa tabarau ya toshe kunne.

JIJJIGA DA YATSU

Duk wanda ya riƙe injin nan ya san yadda hannu ke rawa. Wannan jijjiga tana shiga yatsu, tana lalata jijiyoyin da ke sa a ji taɓi, da ƙananan hanyoyin jini.

Cutar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1911 wani likita a Italiya mai suna Giovanni Loriga ya bayyana ta ga masu aiki da gudumar iska. A 1918 wata likita Ba'amurkiya, Alice Hamilton, ta duba masu sassaƙar dutse a garin Bedford na jihar Indiyana. Ta tarar mafi yawan masu riƙe wannan guduma yatsunsu suna mutuwa in an yi sanyi. Daga baya aka ga cutar ga masu zarton inji da masu gugar ƙarfe.

Da farko za ka ji kamar kiyashi na tafiya a kan yatsu bayan aiki, can ya wuce. In aka ci gaba, sai ya daina wucewa, har ya hana barci. Sannan yatsu su mutu, ba su jin abin da suka taɓa. Da sanyin safiya a lokacin ɗari, ko in an sa hannu a ruwan sanyi, kan yatsu ya koɗe ya yi fari-fari, in jini ya dawo kuma ya zo da zogi. Ƙarfin riƙo ya ragu.

Ka tuna abin da manomi yake yi da yatsunsa. Da su yake jin yawan iri in yana shuka. Da su yake dasa albasa, yake tatsar nono, yake ɗaure dami, yake riƙe alƙalamin da ya koya. In aka bar aikin injin tun alamun farko, sau da yawa hannu yakan samu sauƙi. In aka bari ta yi nisa, ba ta warkewa.

Ita ma jijjiga ana auna ta. A takardar injin za ka ga wata lamba da wannan alama a gabanta: m/s². In lambar ƙarama ce, injin ya fi sauƙi ga hannu. Dokar Tarayyar Turai ta 2002 ta sa iyaka biyu ga wunin aiki na awa 8. Daga 2,5, wato biyu da rabi, sai a fara ɗaukar mataki. Ba a yarda a wuce 5 ba. In aka yi lissafi, ga abin da yake fitowa:

Inji mai 5: ya kai iyakar farko cikin awa 2, ta ƙarshe cikin awa 8.
Inji mai 7: iyakar farko awa 1, ta ƙarshe awa 4.
Inji mai 10: iyakar farko minti 30, ta ƙarshe awa 2.

Lokacin da ake ƙirgawa shi ne wanda injin ke gudu a hannunka. Ka sani kuma, lambar takarda ta sabon inji ce da aka gwada a masana'anta. Tsohon inji da faifai mai rawa ya fi haka. In a rana ɗaya ka riƙe wani injin mai jijjiga, kamar na huda bango, to a haɗe suke, hannun ɗaya ne.

Ga yadda ake rage ta:

1. Faifai ya zauna daidai tsakiya, a ɗaure shi da abin ɗaurinsa. Wanda ya cinye gefe ɗaya a canza.
2. Kada ka danna. Nauyin injin da gudunsa su ne ke yanka. Danni yana ƙara jijjiga, yana kuma shanye batir.
3. Riƙe da kyau don kada ya kufce, amma kada ka matse har jijiyoyi su tashi.
4. Raba aikin. In batir ya ƙare, kai ma ka huta, ka motsa yatsu, ka murza su. Wanda ke da batir biyu ko uku shi ya fi shiga hatsari, don ba ya tsayawa. In ku biyu ne kun iya, ku riƙa karɓa-karɓa.
5. Hannu ya kasance da ɗumi. A lokacin ɗari ka bari rana ta ɗaga. Safar hannu tana tare sanyi da tartsatsi, amma jijjiga tana ratsa ta.
6. Taba tana matse hanyoyin jini. Mai shan ta ya fi saurin jin wahalar wannan cuta.

ƘURAR SIMINTI DA DUTSE

In ana yanka bulo ko dutse, farar ƙura ke tashi. A cikinta akwai garin yashi mai laushi wanda ido ba ya gani. Yana shiga can ƙasan huhu ya zauna, huhu ya yi tabo ya taurare. Bayan shekaru sai tari da haki. Tabon ba ya gogewa, kuma mai shi ya fi saurin kamuwa da tarin fuka.

Wasu manyan injuna an yi su da ɗan bututun ruwa mai jiƙa faifai. In naka yana da shi, yi aiki da shi. In ba shi da shi, kada ka zuba wa injin ruwa. Yi aikin a waje, iska tana kwashe ƙurar daga gare ka da gidaje. Sa abin rufe hanci mai alamar FFP2 ko FFP3, ya manne a fuska. Rawani da ƙyalle suna tare babbar ƙura, mai laushin tana wucewa. Kafin shara a yayyafa ruwa.

BATIR DA ZAFIN ƘASARMU

Waɗannan batura na litiyom ne, kuma zafi ne maƙiyinsu. Masu ƙera su suna rubuta kada a ajiye su inda zafi zai kai digiri 50, kuma yawancinsu ba a son a cika su in zafi ya wuce 40 ko 45. A watannin Afrilu da Mayu, a Tawa da Maradi da Damagaram da Yamai, ko a inuwa zafi yana wuce 40. To, ina ga cikin rana ko ƙarƙashin kwano?

Cika batir da safe ko da marece, a inuwa, bisa ƙasa ko siminti. Kada a ɗora shi kan katifa ko tabarma, kada a bar shi yana cika an kwanta barci. In ya fito daga aiki da zafi, bari ya huce tukuna. Yi amfani da abin cikawa nasa na ainihi, kada a haɗa shi kai tsaye da farantin sola ko batirin mota. Kada a sa shi aljihu ko jaka tare da ƙusa ko makulli ko kuɗin ƙarfe.

Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko yake wari, a fitar da shi waje nesa da kara. Kada a buɗe shi, kada a jefa shi wuta, kada a ba yara su yi wasa. In ya fara hayaƙi, a fid da mutane, domin hayaƙin guba ne. In yana haɗe da wuta a yanke ta, sannan daga nesa a kwarara ruwa mai yawa ko a rufe shi da rairayi. A sa ido, yakan sake kamawa.

IN AN JI CIWO

In yanka ne, danna wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, ɗaga hannun ko ƙafar sama, a tafi likita. Kada a zuba ƙasa ko toka ko kashin dabba. In guntun faifai ya nutse a jiki, kada a zare shi, a ɗaure kewayensa. A tambayi likita allurar tetanos, ciwon nan mai sanƙarar da jiki.

In abu ya faɗa ido, kada a murza. A wanke da ruwa mai tsabta. In bai fita ba, a rufe idon a tafi likita ranar nan. Kada a bar kowa ya sa allura ko tsinke ko harshe.

In kunne ya kwana yana kuka, ko yatsu sun kwana a mace, a dakata da injin, a je a gaya wa likita irin aikin da ake yi.

GA MASU HAYA DA ƘUNGIYOYI

Sau da yawa inji ɗaya ne ke yawo gari duka. Wanda ya ba da aro ko haya, ya haɗa da garkuwa da mariƙi da tabarau da abin toshe kunne, ya kuma nuna yadda ake riƙo. Ƙungiyar da za ta sayi inji ta sa kuɗin waɗannan cikin lissafi tun farko. A zaɓi mutum biyu ko uku su koya sosai, a rubuta a littafi wa ya ɗauka da awa nawa ya yi. Kada a ba yaro, kada a ba wanda ya gaji ko yake shan ƙwayar hana gajiya.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA

1. Injuna nawa ke garinku? Nawa ne har yanzu ke da garkuwarsu?
2. Ku ɗauko faifai ɗaya, ku karanta juyinsa da shekararsa. Ya dace da injin?
3. In ƙara ta kai desibel 97, mutum ya yi minti 45 yana yanka babu kariya, da minti nawa ya wuce iyaka?
4. Akwai mai walda ko mai injin niƙa a garinku da ba ya ji sosai? Ku tambaye shi yaushe abin ya fara.

Ku tattauna waɗannan a ajinku da wurin sauraron rediyo, ku rubuto mana abin da kuka gani da abin da ya shige muku duhu. Sai mun ji daga gare ku. A yi aiki lafiya.